Jarabar Intanet da Ciwon Damuwa a Jami'a: Wanne Ke Jawo Wanne?



Jarabar intanet da wasa aka fara maganarta. A shekarar 1995 wani likitan ƙwaƙwalwa a birnin Niyu Yok mai suna Ivan Goldberg ya so ya tsokani abokan aikinsa, domin yana ganin babban littafin da likitocin Amurka ke tantance cututtukan ƙwaƙwalwa da shi ya kusa mayar da kowace ɗabi'a cuta. Sai ya kwaikwayi salon littafin, ya ƙirƙiro wata cuta ya kira ta jarabar intanet, ya jera mata alamomi. Cikinsu har da mafarkin intanet, da motsa yatsu kamar ana buga rubutu alhali babu kwamfuta a gaban mutum. Ya saki abin a wani dandalin likitoci yana jiran a yi dariya. Maimakon dariya, sai ga saƙonni daga mutane, har da likitoci, suna cewa wannan ciwon shi ne ke damunsu, ina magani?

Wadda ta ɗauki maganar da gaske ita ce Kimberly Young, masaniyar halayyar ɗan Adam a reshen Jami'ar Pittsburgh da ke Bradford. A 1996 ta kai takarda babban taron masana fanninta a Toronto. Ta aro ma'aunin da ake gane ɗan caca da shi, ta tsara tambayoyi 8, duk wanda ya amsa biyar da "e" ta sa shi cikin waɗanda suka kamu. Mutum 396 ne suka faɗa wannan rukuni, kuma suna kashe kimanin awa 38 a mako a kan intanet, ba don aiki ko karatu ba, yayin da sauran mutum 100 ba sa wuce awa 5. Awa 38 a mako kusan awa biyar da rabi ke nan a rana. A wancan lokaci abin riƙe baki ne. Yau kuwa a kowane ɗakin kwanan ɗalibai a Samaru ko a sabuwar Jami'ar Bayero za a sami wanda ya zarce haka, yana kuma cin jarrabawarsa lafiya lau, saboda a wayar yake karanta takardun lacca, a cikinta yake jin sanarwar ajinsu, a cikinta kuɗin abinci ke shigo masa daga gida.

Don haka ƙirga awoyi ba ya gano mai jaraba. Har gobe ma manyan hukumomin lafiya ba su amince da jarabar intanet a matsayin cuta mai cin gashin kanta ba. Littafin likitocin Amurka na 2013 ya ambaci jarabar wasannin intanet kawai, ya ajiye ta cikin abubuwan da ke buƙatar ƙarin bincike. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗan ƙara taku: a 2019 ta sanya jarabar wasannin kwamfuta da na waya cikin kundinta na cututtuka, wanda ya fara aiki a Janairun 2022. Abin lura shi ne sharuɗɗan da ta gindaya, domin babu adadin awa a cikinsu. Sai mutum ya kasa tsayar da kansa idan ya fara, abin ya ture masa sauran harkokin rayuwa, ya kuma ci gaba da yi alhali yana ganin ɓarnar da yake masa a karatu ko aiki ko zumunci, kuma galibi sai an ga haka na tsawon wata 12. Da wannan ma'auni, ɗalibar da ke kwana tana kallon darussan ilmin magunguna a YouTube ba ta shiga lissafi ba. Wanda ya shiga shi ne wanda ya rantse wa kansa sau uku zai goge TikTok, ya goge, ya sake saukewa kafin la'asar, yana sane da cewa kwas biyu ke binsa bashi tun aji ɗaya.

Ɗaya ɓangaren kuwa, ciwon damuwa, babu gardama a kansa tsakanin likitoci. Ba ɓacin ran yini guda ba ne na wanda malami ya kora daga aji. Ƙunci ne da ke zaune wa mutum aƙalla mako biyu, ko kuma ya ji duk abin da yake so a da ya fita daga ransa, barci ya lalace, cin abinci ya canja, karatu ya ƙi zama a kai, ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani, wani lokaci har ya riƙa tunanin mutuwa ta fi masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 280 ke fama da shi a 2019. Shekarun shiga jami'a kuma su ne shekarun da yawancin cututtukan ƙwaƙwalwa ke fara bayyana. Wani bincike da aka yi ƙarƙashin hukumar, aka wallafa a 2018, ya tambayi sababbin ɗalibai kusan 14,000 a manyan makarantu 19 na ƙasashe 8, ciki har da Afirka ta Kudu. Kashi 31 cikin 100 sun nuna alamun wata larurar ƙwaƙwalwa a cikin shekarar da ta gabata, kuma ciwon damuwa na sahun gaba.

A nan gida, Abiodun Adewuya da abokan aikinsa sun tantance ɗalibai 1,206 a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, suka wallafa sakamakon a 2006. Kashi 8.3 cikin 100 ne suka cika sharuɗɗan ciwon. Kada wani ya ce ashe mun fi Turawa lafiya. Bambancin na hanyar awo ne: tambayoyin da ɗalibi ke cikewa da kansa suna kama duk mai alamomi, tantancewa irin ta asibiti kuwa ta fi tsauri. Ko a hakan, ɗalibi ɗaya ke nan cikin kowane 12, kuma cikin abubuwan da suka gano suna tafiya tare da ciwon akwai matsalar wurin kwana. A lura da shekarar. A 2006 wayar hannu ta kira ce da tes, mai son intanet sai ya je shagon kafe ya sayi awa.

In an koma baya ma, a 1960 wani likita ɗan Kanada, Raymond Prince, da ya yi aiki a asibitin Aro na Abeokuta, ya rubuta labarin ɗaliban Najeriya da ke zuwa masa da kukan kansu na zafi, ko wani abu na yi musu yawo a ka, idanu na dishi-dishi in sun buɗe littafi, sun karanta ba sa fahimta. Ba wanda ya ce masa yana baƙin ciki. Haka abin yake har yau a asibitin makaranta: ɗalibi zai ce jikinsa ba ƙarfi, kansa na sarawa, a yi masa gwajin maleriya da taifot, a ba shi magani, ya dawo bayan mako uku da kukan da ya zo da shi. Ƙuncin ɗalibi ya girmi intanet da shekaru masu yawa.

To ina alaƙar take? Cewa abubuwan biyu na tafiya tare, wannan an tabbatar. A Jami'ar Leeds ta Ingila, a 2010, an tambayi mutum 1,319. Waɗanda suka cika sharuɗɗan jaraba 18 ne kacal, amma alamun damuwa a tare da su sun ɗara na takwarorinsu nesa ba kusa ba. A 2014 wasu masana suka tattara binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban, suka ga yiwuwar samun ciwon damuwa ga mai jarabar intanet ta kusa ninka ta waninsa sau uku. Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Irin wannan bincike yana ɗaukar mutum ne a rana guda, ya same shi da abu biyu, ba zai iya faɗin wanne ya riga zuwa ba. Mai yiwuwa wayar ce ta jefa yaron cikin ƙunci. Mai yiwuwa kuma ƙuncin ne ya kulle shi a ɗaki, wayar ce kaɗai abin da ya rage masa da ba ya buƙatar ya yi wanka, ya sa kaya, ya fuskanci mutane.

Ƙoƙarin farko na warware wannan ƙulli a Pittsburgh aka yi shi. Robert Kraut da tawagarsa a Jami'ar Carnegie Mellon sun raba wa gidaje 73 kwamfuta da intanet kyauta, suka bi mutum 169 na shekara ɗaya zuwa biyu. A 1998 suka ba da rahoton cewa waɗanda suka fi amfani da ita sun rage hira da iyalinsu, kaɗaici da damuwa sun ɗan ƙaru musu. Jaridu suka yi ta yayatawa. Da suka sake komawa kan mutanen, rahotonsu na 2002 ya nuna yawancin illar ta gushe, har ma masu yawan abokai tun asali sun ƙaru da intanet ɗin, marasa su ne ba su amfana ba. Wannan rahoto na biyu bai sami rabin yayatawar na farko ba, haka kuma labarin yake a wannan fanni har yanzu. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin kuwa, an ɗauki 'yan sakandare 1,041 waɗanda ba su da alamar damuwa tun farko, aka bi su wata tara. Masu amfani da intanet fiye da kima sun ninka sauran sau biyu da rabi wajen kamuwa da ciwon. A can dai intanet ce ta riga zuwa.

Hujja mafi ƙarfi a kan ɗaliban jami'a ta fito ne daga tarihin Facebook kansa. A Fabrairun 2004 aka buɗe shi ga ɗaliban Harvard kaɗai. Daga nan aka riƙa buɗe wa makarantu rukuni-rukuni, wasu bana, wasu baɗi, sai a Satumban 2006 aka sakar wa kowa. A daidai waɗannan shekaru akwai wata ƙididdigar lafiyar ɗalibai da ake yi a manyan makarantun Amurka kowane zango. Masana tattalin arziki uku, Luca Braghieri da Ro'ee Levy da Alexey Makarin, suka lura cewa wannan gwaji ne da ba wanda ya shirya shi. Ba ɗalibi ne ya zaɓi ranar da Facebook zai iso makarantarsu ba, don haka ba za a ce masu damuwa ne suka ruga suka same shi ba. Suka haɗa ranakun isowarsa da amsoshin ɗalibai sama da 400,000, suka kwatanta makarantun da ya riga ya shiga da waɗanda bai kai ba tukuna. Sakamakon da suka wallafa a 2022 ya nuna isowar Facebook ta ƙara yawan masu matsanancin ciwon damuwa da kashi 7 cikin 100, masu ciwon fargaba kuma da kashi 20. Ɗalibai da yawa sun kuma ce halin da suke ciki ya taɓa karatunsu.

Su wa abin ya fi bugawa? Waɗanda ke zaune a wajen makaranta, da 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, da masu bashi a kansu, da waɗanda ba sa cikin ƙungiyoyin ɗalibai masu tashe. Wato waɗanda in sun leƙa rayuwar 'yan ajinsu za su ga kamar an bar su a baya. Masu binciken sun tafi a kan cewa kwatanta kai da wasu shi ne bakin zaren. Kuma Facebook ɗin da ake magana a kansa na kwamfutar tebur ne, kafin a ƙirƙiro maɓallin layik a 2009, kafin wayar iPhone ta fito a 2007, kafin bidiyo mai bin bidiyo.

Adalci ne a saurari masu ja da wannan. Amy Orben da Andrew Przybylski na Jami'ar Oxford sun tace bayanan matasa sama da 350,000 na Amurka da Birtaniya, suka bayyana a 2019 cewa amfani da na'urori bai bayyana fiye da kashi 0.4 cikin 100 na bambancin walwalar matasa ba. A cikin bayanan nan, alaƙar cin dankali da rashin walwala ta kusa kai hakan, ta sanya tabarau ma ta fi. Samun isasshen barci da karin kumallo sun fi waya tasiri sau da yawa. Wannan ba ya rushe binciken Facebook. Idan aka cuɗa matasa dubu ɗari uku wuri guda, wanda waya ta sama wa abokai da wanda ta raba da barci za su shafe juna a lissafi, matsakaicin ya fito ɗan ƙarami. Malamin da ke da ɗalibai 300 a aji ba matsakaici zai tarar a ofishinsa ba, 'yan ƙalilan ɗin da abin ya kayar zai tarar.

Hanyar da ta fi fitowa fili daga waya zuwa damuwa ita ce ta barci. An daɗe da sanin cewa mai fama da rashin barci ya ninka waninsa sau biyu wajen haɗarin kamuwa da ciwon damuwa, tun kafin a kawo zancen waya. Hasken allo kuma yana jinkirta sinadarin da ke sa jiki jin barci, kamar yadda wani gwaji a Boston ya nuna a 2015, ko da yake abin da ake kallo ya fi hasken hana ido rufuwa. A nan ɗalibin Najeriya yana da tarko na musamman. Kamfanonin waya suna sayar da datar dare da arha, daga wajen tsakar dare zuwa asuba, kamar yadda a shekarun baya suka ba da kiran dare kyauta har samari da 'yan mata suka mayar da ƙarfe ɗaya na dare lokacin zance. Tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, datar dare ta ƙara daraja ga mai ƙaramin aljihu. Yaro zai saye ta da niyyar sauke littafi. Littafin ya sauka cikin minti uku, saura kuma ba ta kaiwa gobe, asara ce a bar ta. Sai kiran assalatu. Laccar ƙarfe takwas ta wuce shi, ya ji kunyar tambayar abin da aka yi, ya ƙi zuwa ta gaba don ba zai gane ba, daren ya sake yi masa tsawo, ya sake jawo wayar. Abin kamar sosa ƙazuwa ne, daɗi a lokacin, gyambo da safe.

Ba kuma raunin yaron kaɗai ba ne, an gina manhajojin ne don su riƙe mutum. Aza Raskin, wanda ya ƙirƙiro shafin da ba ya ƙarewa in ana jan sa a 2006, daga baya ya fito ya nuna nadama. Sean Parker, shugaban Facebook na farko, ya faɗa a 2017 cewa sun san suna cin gajiyar wani rauni ne a halittar ɗan Adam. Dabarar tsohuwa ce, B. F. Skinner ya nuna ta a kan tantabaru: ladan da ba a san lokacin zuwansa ba ya fi wanda aka sani sa dabba nacewa. A 2021 Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fitar da takardun cikin gida, ciki har da wanda ke cewa kashi 32 cikin 100 na 'yan matan da aka tambaya sun ce in suna jin ba daɗi game da surar jikinsu, Instagram na ƙara musu. A Oktoban 2023 jihohin Amurka fiye da 30 suka haɗu suka maka kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, a kotu.

Kwatanta kai da wasu kuma a wurinmu yana da kayan aiki da yawa: hotunan kamu da dina, lefe akwati goma sha biyu, ɗan ajinku na sakandare da ya tafi karatu Ingila yana ɗora hoto cikin dusar ƙanƙara, kai kuwa kana aji biyu shekara ta huɗu. Yajin aikin ASUU na 2020 ya ci wata tara, ya haɗu da kullen korona. Na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu, bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Duk wanda yajin aikin biyu suka riska a jami'ar gwamnati ya yi zaman gida na kusan shekara ɗaya da rabi, ba aji, ba aiki, ba ranar komawa, sai waya. Wani nazari na 2014 da ya tattara alƙaluman ƙasashe 31 ya sami jarabar intanet a kusan kashi 6 cikin 100 na mutane, amma ta fi yawa a inda jama'a ba su gamsu da rayuwarsu ba, ta fi ƙaranci a arewaci da yammacin Turai inda intanet ta fi wadata. Yawan intanet bai kai ƙuncin rayuwa tura mutane cikinta ba.

Akwai kuma wani salo da ma'aunin Kimberly Young bai hango ba, wato neman kuɗi. A 2024 samarin Arewa da yawa, har da magidanta, sun shafe watanni suna dannan allon waya a wasan Hamster Kombat na Telegram, suna kiran abin mainin, suna jiran ranar fashewa. Ranar 26 ga Satumba aka raba, yawanci abin da suka samu bai taka kara ya karya ba. Ga cacar ƙwallo: a Oktoban 2024 Hisbah ta rufe shagunanta da dama a Kano, amma shagon da ke cikin aljihu ba shi da ƙofar da za a garƙame. Wanda ya ci kuɗin rajistarsa a caca sai ya faɗa hannun manhajojin bashi, waɗanda in an makara biya suke aika saƙon tozarci ga duk lambar da ke wayar mutum, har da ta mahaifinsa da malaminsa. Ɓarnar tasu ta kai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a Maris na 2022. Ɗalibin da ke cikin wannan hali in an gan shi ido a kan waya ƙarfe uku na dare, ba nishaɗi yake ba.

Abu na farko da ke zuwa wa iyaye da hukumomi shi ne a ƙwace wayar. Ƙasar Sin ta gwada wannan iya gwadawa. An buɗe sansanonin horo irin na soja, iyaye na biyan kuɗi masu yawa su kai 'ya'yansu. A Linyi, lardin Shandong, wani likita mai suna Yang Yongxin ya riƙa jona wa matasa lantarki a ka da sunan magani, har ma'aikatar lafiya ta haramta hakan a Yulin 2009. Wata guda bayan nan aka lakaɗa wa wani yaro ɗan shekara 15 duka har lahira a wani sansani a Guangxi, kwana guda da kai shi. Wanda ya tuna gidajen mari da aka bankaɗo a Kaduna da Daura a 2019 ya san ba sai an je Sin ba. Koriya ta Kudu ta bi ta hanyar doka: a 2011 ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 wasannin intanet daga tsakar dare zuwa ƙarfe shida na safe. Yara suka koma amfani da lambobin shaidar iyayensu, a 2021 aka soke dokar. Ko da irin wannan na aiki a kan yara, ɗalibin jami'a baligi ne, kuma rajistar kwas da biyan kuɗin makaranta da duba sakamako duk a intanet ake yinsu.

Ragewa da yardar mai abin kuwa ta nuna amfani. A Jami'ar Pennsylvania, Melissa Hunt ta raba ɗalibai 143 gida biyu a 2018. Rukuni ɗaya suka ci gaba yadda suka saba, ɗayan aka ce kada su wuce minti 10 a rana a kan kowanne daga Facebook da Instagram da Snapchat, ana duba wayoyinsu don tabbatarwa. Bayan mako uku kaɗaici da alamun damuwa sun ragu a rukuni na biyu, musamman ga waɗanda suka shigo da damuwa mai nauyi. Gwajin ƙarami ne, gajere kuma. Wani mafi girma da aka yi a ƙarshen 2018, inda aka biya mutane su rufe Facebook mako huɗu, ya sami ƙarin walwala kaɗan, da kimanin awa guda a rana da ta dawo hannunsu, wadda suka kashe wani ɓangarenta tare da iyali da abokai. Riba ce ta gaske, amma ba ta kai ta warkar da mai ciwo ba. Wanda ciwon damuwa ya riga ya kama yana buƙatar a yi maganin ciwon kansa, ta hanyar zama da ƙwararre ko shan magani ko duka biyun. In an karɓe masa waya aka bar shi da ƙuncin, an toshe masa ƙofa ɗaya da yake leƙa duniya ta cikinta.

Matsalar ita ce wa zai duba shi. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, kuma ana ta rasa su zuwa ƙasashen waje. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware, da Maiduguri, da Dawanau, amma ɗalibar da ke tunanin aure gobe ba za ta so a gan ta a ƙofar ɗayansu ba. In ta faɗa a gida, abin da za ta fara ji shi ne ta ƙara haƙuri, ta riƙe azkar, wa ya taɓa ta? Addu'a da tawakkali ba su taɓa hana mai ciwon suga zuwa asibiti ba, bai kamata su hana wannan ba. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Sashe na 231 na dokar final kot da Arewa ta gada kuwa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, wanda hakan ke sa abokan ɗaki su rufa maganar maimakon su nemi taimako. Ghana ta soke irin wannan hukunci a 2023.

Ƙarancin likitoci bai ɗaure hannun jami'a ba. A Harare ta Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata masu aikin lafiya na unguwa, ya ajiye musu benci a harabar ƙananan asibitoci, suna zama da mai damuwa har sau shida suna taya shi warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya. A gwajin da aka wallafa a 2016 a kan mutum 573, bayan wata shida kimanin kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna a bencin ne ke da sauran alamun ciwon, a ɗaya rukunin kuwa kusan rabi. Tun a shekarun 1950 Farfesa Adeoye Lambo ya yi makamancin haka a Aro, inda ya zaunar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu. Jami'a tana da nata mutanen da ɗalibi ya riga ya yarda da su: malamin da ke kula da aji, matar da ke kula da ɗakin kwanan mata, limamin masallacin makaranta, shugabannin ƙungiyar ɗalibai Musulmi da na Kirista, da ɗan ajin da ke tattara aikin gida, wanda shi ne farkon mai lura cewa wane ya kwana biyu bai shigo ba amma kullum ana ganinsa a kan layi.

Kayan tantancewar ma akwai su. Wata takarda mai tambayoyi 9 da ake kira PHQ-9, wadda ake cikewa cikin 'yan mintuna, tana tambayar barci, da cin abinci, da natsuwa wajen karatu, da tunanin cutar da kai a cikin mako biyun da suka wuce. Adewuya da abokan aikinsa sun gwada ingancinta a kan ɗaliban jami'a na Najeriya tun 2006, suka same ta tana aiki, kuma ba a biyan ko kwabo don amfani da ita. Kowane sabon ɗalibi yana bin layi a asibitin makaranta lokacin rajista, a auna jininsa, a duba rukunin jininsa, wasu wuraren har a ɗauki hoton ƙirjinsa. Takardar nan za ta shiga cikin fayil ɗin ba tare da an ƙara ma'aikaci ko ɗaya ba, a sake ba da ita ga duk wanda makinsa ya faɗi warwas a zango guda, tare da tambaya ɗaya da ba ta cikin taran: ƙarfe nawa yake ajiye waya da dare.